Wasiƙar Janyewar da Hafsatu Ba Ta Rubuta Ba

Ranar Litinin ta farko a watan Nuwamban 1998, Hafsatu Mas'udu ta sauka daga motar Bungudu da ƙarfe bakwai da rabi, ta hau kabu-kabu zuwa Kamfanin Auduga na Farin Zare da ke Gusau. A ranar za a gana da masu neman kujerar manajan sabuwar cibiyar sayen auduga da kamfanin zai buɗe a Tsafe. Ta tarar da maza huɗu a kan benci. Ta gaishe su, ta zauna can ƙarshe, jakarta a kan cinya.

Saude, sakatariyar kamfanin, ta fito da takardar sunaye. Tana ganinta ta yi turus.

"Hafsatu, mi kika zo yi nan? Ba kin janye ba?"

"Na janye mi?"

Saude ta koma ciki ta ɗauko fayil. A samansa akwai wasiƙa bugun tafireta, da Turanci, layi shida. Wasiƙar ta ce Hafsatu na godiya, amma ta janye daga neman aikin domin maigidanta bai amince ta bar Bungudu ba. A ƙasa ga sa hannunta.

Hafsatu ta karanta sau biyu. "Ban rubuta wannan ba."

"Ai Alhaji mai kamfani ya gani tun ran Juma'a. Ya soke sunanki."

Aka yi ganawar ba da ita ba. Ta zauna a bencin har aka kira mutum na ƙarshe, sannan ta tashi ta nufi ofishin 'yan sanda.

Sufeton da ke kan kanta ya saurare ta da rabin kunne. "Rigimar mata da miji ce," in ji shi. "A ba Sajan Wasila."

Shekara goma sha ɗaya ke nan Wasila na da igiya uku a hannun riga. Waɗanda suka fito horo tare da ita yanzu sai ta ƙame musu. Duk ƙarar da aka ga ba ta da nauyi, teburinta take sauka. Ta jawo wa Hafsatu kujera.

"Shekararki nawa a kamfanin?"

"Sha uku."

"Wane aiki?"

"A takarda akawu ce ni. A aikace ni ke tantance auduga. In mota ta shigo, ni zan sa hannu a buhu in ce wannan daraja ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan an yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi."

"Wa ya sami kujerar yau?"

"Lukuman, na ji an ce. Ni na koya masa aikin. Ranar da ya zo bai san bambancin audugar bana da ta bara ba. Yanzu albashinsa ya kusa ninka nawa, ga kuɗin haya da ake ba shi wai mai iyali ne. Ni 'ya'yana huɗu, Sajan, amma ba a lissafa ni cikin masu iyali."

"Kin taɓa neman ƙarin girma kafin wannan?"

"Sau ɗaya, a 1994. Na ba shugabanmu Malam Haliru takardar hannu da hannu. Bayan wata biyu ya ce Alhaji ya ce ba yanzu ba."

"Me ya sa kike son Tsafe haka?"

"Na je na ga rumbun sau biyu da kuɗin motata. Na san inda zan ajiye sikeli, can gefen inuwa, don kada manomi ya tsaya cikin rana. Na san ƙofar da mota za ta shiga da wadda za ta fita. Duk na gama shiryawa a raina. Ina son sau ɗaya kafin in tsufa in ce a yi kaza, a yi, kuma a san ni na ce."

Wasila ta miƙa mata farar takarda da biro. "Sa hannu sau uku."

Hafsatu ta sa. Gajeren sa hannu ne, harafi biyu da ɗan ja. Wasila ta lura da tabo a wuyan hannunta na dama.

"Wannan fa?"

"Babur ya kayar da ni a hanyar Bungudu, damina ta 1995. Tun da karayar ta warke ba na iya dogon rubutu mai lanƙwasa. Shi ya sa na gajarce shi."

Da la'asar Wasila ta je kamfanin ta karɓi ainihin wasiƙar. Sa hannun da ke jikinta dogo ne, cikakken suna, da lanƙwasa a ƙarshe. Bugun tafiretar ba na gwani ba ne, wasu haruffa sun fito baƙi ƙirin, wasu da kyar ake ganinsu. Sunan garin Tsafe kuwa, a wurare biyu, an rubuta shi Chafe, irin yadda ake rubutawa a tsofaffin takardun gwamnati.

Sufeto ya dage cewa mijin ne, don haka da safiyar Talata Wasila ta shiga motar Bungudu. Ta sami mijin Hafsatu, Malam Sama'ila, a shagonsa na ɗinki kusa da kasuwa, yana kan keke. Ta karanta masa wasiƙar, ta fassara.

Ya ɗauke ƙafa daga keken. "Ni? Ni na hana ta?"

"Haka takardar ta ce."

"Sajan, matar nan kullum ta bar gida kafin rana ta fito, ta dawo bayan magariba. In anka ba ta Tsafe, an ce har da gida. Na riga na yi magana da wani ɗan'uwana can, ya samo mini shago bakin hanya. Ɗinki ai ko'ina ana sa riga."

"Babu wanda ya zuga ka? 'Yan'uwa, abokai?"

"Sun yi. Sun ce mace za ta ja ni kamar raƙumi da akala. Na ce musu awo, in dai akalar za ta kai ni inda ɗiyana za su yi karatu." Ya dubi wasiƙar da ke hannunta. "Jiya da ta dawo ba ta ci tuwo ba. Ba ta yi kuka ba kuma. Da ma ta yi kukan, da hankalina ya fi kwanciya."

"Ka iya Turanci?"

"Allo na yi. Ko sunana da boko sai an rubuta mini."

Wasila ta yarda da shi a ranta, amma ta san akwai masu buga wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Ba ta cire shi ba sai da ta koma Gusau ta zauna da Saude.

"In wasiƙa ta zo daga waje, yaya ake yi da ita?"

"Ni ke karɓa. In buga mata hatimi da kwanan wata, in shigar da ita littafi, sannan ta shiga fayil."

Wasila ta ajiye wasiƙar a gabanta. "Ina hatimin wannan?"

Saude ta juya takardar gaba da baya. "Babu."

"Yaushe kika buɗe fayil ɗin Hafsatu na ƙarshe kafin Juma'a?"

"Laraba da yamma. Ba ta ciki a lokacin. Ran Juma'a na kai wa Alhaji fayilolin biyar a ɗaure, shi ya buɗe ya gani."

"Ina suke kwana?"

"Cikin kabad ɗin ƙarfen can. Makulli biyu ne, ɗaya wurina, ɗaya wurin Malam Haliru."

"Ke kika buga ta?"

Saude ta ɗaga kai da sauri. "Shekara sha biyar ina kan tafireta, Sajan. Dubi bugun nan. Wannan da yatsa biyu aka yi shi, kamar kaza na tsattsagar dawa. Kuma ni na buga wa Hafsatu takardar neman aikin, ban karɓi ko kwabo ba."

Wasila ta rubuta. Wasiƙar ba daga waje ta zo ba. Malam Sama'ila ya fita.

Lukuman ta samu a wurin sikeli. Matashi ne mai tsayi, ya kasa haɗa ido da ita.

"Kai ka ci ribar wasiƙar nan."

"Na sani."

"Ina kake daga Laraba zuwa Juma'a?"

"Wonaka da ƙauyukan gefenta. Tun Litinin muka tafi da direba duba gonaki, sai Asabar muka dawo. A gidan mai gari muka sauka."

"Kana da makullin kabad?"

"Ko ofishin ba na shiga sai an kira ni." Ya goge hannu a riga. "Sajan, da ta shiga ganawar nan ba zan samu ba. Kowa ya sani. Na so kujerar, ba zan yi miki ƙarya ba, matata na da ciki. Amma jiya da na fito na gan ta a benci, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige."

Direban ya tabbatar da maganarsa, haka ma mai gadin da ya buɗe musu ƙofa ran Asabar.

Malam Haliru ya karɓe ta da fara'a. Dattijo ne mai furfura a gemu, da tabarau da farar hula. Ya ce ya yi shekara ashirin a aikin gwamnati kafin Alhaji Buba, mai kamfanin, ya ɗauko shi ya shugabanci sashen saye.

"Hafsatu ai hannun damana ce," in ji shi. "Ɗiya na ɗauke ta. Wannan abu ya ba ni takaici ƙwarai. Amma kin san mata, wani lokaci gida ya matsa, a rubuta abu, daga baya a ji kunya."

"Kana ganin ita ta rubuta?"

"Allah Shi ne masani."

A bayansa akwai jerin rahotannin shekara-shekara masu shuɗin bango. Ya ce su ne Alhaji ke kai wa banki da masaƙun Kaduna, kuma ko'ina ana yabon tsarinsu. Wasila ta nemi aron uku, ya ba ta da murna. Sannan ta miƙa masa takarda.

"Ka rubuta mini abin da ka sani game da kujerar nan da wasiƙar, da hannunka. Kowa ya rubuta."

Ya rubuta shafi guda, a hankali.

Ran Laraba Wasila ta wuni a teburinta da takardun. Da azahar ta koma wurin Saude da tambaya ɗaya, ta sami amsa, ta nemi a gaya wa Alhaji tana son ganinsa washegari tare da Malam Haliru da Hafsatu.

Alhaji Buba mutum ne mai ƙiba da gajen haƙuri. Motoci sun fara layi a ƙofa, kakar auduga ta kama.

"Sajan, a taƙaita."

"To, Alhaji. Wasiƙar nan ba ta da hatimi, ke nan ba ta ƙofa ta shigo ba. An sa ta a fayil ne tsakanin yammacin Laraba da safiyar Juma'a, cikin kabad mai makulli biyu. Mijin Hafsatu ba ya da hanyar kabad. Lukuman yana Wonaka. Saura Saude da Malam Haliru."

Malam Haliru ya yi murmushi. "Makulli ai ana iya ara."

"Ana iya. Sai mu dubi sa hannun." Ta ajiye takardar da Hafsatu ta sa wa hannu a caji ofis kusa da wasiƙar. "Tun da ta karye a 1995 haka take sa hannu, gajere. Wanda ke kan wasiƙar tsohon ne. Wanda ya yi jabun daga tsohuwar takarda ya kwafa, ta kafin karayar."

Alhaji ya sunkuya ya duba.

"Na uku, sunan gari. Wasiƙar ta ce Chafe. Na sa mutum huɗu sun rubuta mini bayani. Hafsatu, Saude da Lukuman duk Tsafe suka rubuta. Malam Haliru ya rubuta Chafe sau huɗu a shafi ɗaya. Hannunsa ya saba tun zamanin aikin gwamnati."

"Rabin dattawan garin nan haka suke rubutawa," in ji Malam Haliru.

"Gaskiya ne. Amma rabin dattawan garin ba su da makullin kabad. Kuma ga abin da ya tsaya mini." Ta buɗe rahoto ɗaya. "Wannan sunanka ne a ƙasa. Sunan garin ya fito sau goma sha tara, duk Tsafe. Haka na bara, haka na bara waccan. Na tambayi Saude ko ita ke gyarawa. Ta ce ita abin da aka ba ta take bugawa, kuma shekara tara ke nan kai ke kawo mata rubutun, amma hannun Hafsatu ne."

Alhaji ya juya. "Hafsatu, ke ke rubuta rahoton nan?"

"Ni ce, Alhaji."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"An ce mini aikin akawu ne."

Wasila ta ci gaba. "Na yi ta neman wanda zai ci riba in ba ta samu ba. Ashe tambayar ita ce wa zai yi asara in ta tafi. Alhaji, a 1994 an kawo maka takardarta ta neman ƙarin girma?"

"Ban taɓa gani ba."

"To ina roƙo a buɗe aljihun teburin Malam Haliru. Teburin kamfani ne, izininka ya isa."

Suka ɗunguma zuwa ofishinsa. Malam Haliru ya daɗe yana laluben makulli a aljihu. A aljihun tebur na ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin jaridu, Wasila ta zaro takarda da ta fara ja. Kwanan watan Maris 1994 ne, babu hatimi. Ta kai ta bakin taga ta karkata. A kan dogon sa hannun akwai kwarmin biro, inda aka bi shi da ƙarfi aka ɗora a wata takarda da kabon.

Malam Haliru ya zauna. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ban ƙi ta ba," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wallahi ban taɓa ƙin ta ba. Alhaji ya ɗauko ni don takarduna. Ni fayil na sani, ban san auduga ba. In ka ba ni buhu biyu yanzu ba zan gaya maka wanne ya fi ba. Shekara ta farko na ce zan koya, sai na ga girma ya hana ni tambayar yarinya. Shekara ta bi shekara. In ta tafi Tsafe, mako ɗaya ya isa kowa ya gane. Saura shekara uku in huta. Na ce ta ƙara haƙuri kaɗan, ita yarinya ce, tana da lokaci."

"Shekarata talatin da takwas, Malam," in ji Hafsatu.

Ta karɓi tsohuwar takardar daga hannun Wasila. Ta karanta ta daga sama har ƙasa, kamar wasiƙar wani da ya rasu. "Na yi wata biyu ina jiran amsar wannan. Kullum in na ji Alhaji ya shigo sai gabana ya faɗi. Da ka ce ya ce ba yanzu ba, na koma gida na ce wa kaina ban isa ba ne tukuna. Shekara huɗu ina neman inda na gaza." Ta dube shi. "Da ka tambaye ni, Malam, da na koya maka. Ba wanda zai ji."

Malam Haliru ya rufe fuska da hula.

Wasila ta gaya masa ana tuhumarsa da yin takardar jabu, ta ce ya biyo ta. Kafin su fita Alhaji ya yi gyaran murya.

"Hafsatu, an zalunce ki. Amma Tsafe na riga na sa wa Lukuman hannu, kuma kin san manoman can, ba lallai su saurari mace ba. Ki riƙe ofishin nan na wucin gadi har mu sami wanda ya dace. Maganar albashi, bayan kaka."

"Alhaji, shekara tara ina riƙe da shi na wucin gadi." Ta rataya jakarta. "In an rubuta sunana a kujerar, da albashin da ake ba mai ita, aka sa hannu, a aiko mini Bungudu."

Ta fita ta ratsa layin motocin da ke jiran a tantance kayansu. Direbobi na kiranta, ba ta waiwaya ba.

Kotu ta ci Malam Haliru tara, kamfani ya sallame shi. Sufeto ya sa hannu a rahoton binciken ya aika sama da sunansa.

Wasila ba ta sake ganin Hafsatu ba sai bayan ƙaramar salla, a tashar mota. Hafsatu ce ta fara gane ta.

"Kwana biyar motoci suka yi a ƙofa," in ji ta. "Ran na shida direban Alhaji ya zo da takarda. An ba ni kujerar. Albashin kuwa an rage mataki ɗaya daga na Malam Haliru, wai shi yana da takardar digiri."

"Kin karɓa?"

"Na karɓa. Na rubuta a ƙasa cewa ban yarda da matakin ba, Saude ta buga hatimi."

"Tsafe fa?"

"Yanzu ƙarƙashina take. Lukuman ke aiko mini rahoto duk mako." Ta yi ɗan murmushi. "Ofishina babba ne, Sajan, har da fanka. Amma ba na taɓa auduga sai in na saci jiki na fita. Ke fa? Na ga hannun rigarki yadda na bar shi."

"An ce ƙarin girma sai watan Yuni."

"Sau nawa aka ce?"

"Wannan na huɗu."

Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran Bungudu, saura mutum ɗaya. Hafsatu ta sa ƙafa a matakala, sannan ta juyo.

"Ki je ki tambayi wanda kika ba takardarki ta neman ƙarin girma ko ta wuce teburinsa."

Motar ta tashi. Wasila ta ɗan tsaya a wurin. Da gida za ta, amma ta tare kabu-kabu ta ce ya mayar da ita ofis.